Damagaram Kafin Zuwan Hoto da Bayansa

Duk wanda ya tattara tsofaffin hotunan birnin Zindar, wanda mutanensa da maƙwabtansu suka fi sani da Damagaram, ya jera su bisa tartibin shekarunsu, zai iske wani al'amari mai nauyi a zuci, shi ne cewa mafi tsufansu da ke yawo a hannun mutane ba su gabaci shekarar 1899 ba, wato ainihin shekarar da aka ci garin da yaƙi, aka kashe sarkinsa, aka kafa tutar Faransa bisa duwatsunsa. Zamanin da ya gabaci wannan, alhali kuwa shi ne zamanin ƙarfin daular da ɗaukakarta, kunne ne ya riƙe mana shi, sai kuma alƙalamin waɗansu baƙi ƙalilan da suka ratsa ƙasar. Saboda haka wanda ya ɗauki tarihin garin daga hotuna kaɗai zai san Damagaram da aka mallaka, ya jahilci Damagaram da ta hana Kano barci. Wajibi ne ke nan a faro daga inda hoto bai kai ba.

Masu riwaya sun ce asalin gidan sarautar wani malami ne da ya fito daga wajen Barno, ana ce masa Malam, waɗansu kuma sukan cika sunan su ce Malam Yunus, mutum mai tsoron Allah, wanda jama'a suka taru gare shi saboda karatunsa da albarkarsa har suka shugabantar da shi a kansu. Littattafai sukan sa farkon sarautarsa wajen 1731, amma ya kamata mai karatu ya san yadda aka sami wannan adadi. Lissafi ne da aka yi daga baya: aka ɗauki shekarun da masu riwaya suka ba kowane sarki, aka yi ta ragewa daga shekarar da aka tabbatar, har aka kai ga na farko. Galibin abin da ake nakaltowa game da wannan zamani ya biyo ta hannun Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta zo shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909, wanda ya zauna da dattawa da mutanen fada ya rubuta abin da suka faɗa masa, aka buga shi a 1911. Riwaya ce mai daraja ƙwarai, sai dai riwayar fada ce, kuma an karɓe ta a lokacin da fadar ke ƙarƙashin takobin mai tambayar.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, a tsawon ƙarni na 18 zuriyar Malam ƙananan sarakuna ne masu kai gaisuwa Barno, suna ƙaura daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma ƙasashen Sosebaki da ke kewaye da su, irin su Mirya da Dungas da Waca, sun girme su a sarauta. Abin da ya sauya musu ƙaddara daga waje ya zo. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, biranen Hausa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, Barno kanta ta girgiza har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, sai wannan yanki da ke bayan iyakar sabuwar daula ya zama mafaka. Ɗankasawa na gidan sarautar Katsina ya fake a nan kafin ya tafi ya zauna Maraɗi, sarakunan Daura na dā kuma suka zauna a Zangon Daura ƙarƙashin inuwar Damagaram. 'Yan gudun hijira sun zo da dawakai da sana'o'i da malamai, sun kuma zo da gaba da Sakkwato, wadda ta zama jarin siyasa ga duk wanda ya iya sarrafa ta.

A wannan yanayi ne Sarki Sulaimanu, wanda ake sa mulkinsa daga 1812 zuwa 1822, ya mai da gadon sarauta Zindar, wadda a sa'an nan ƙaramin gari ce a tsakanin manyan duwatsu. Hikimar zaɓen a fili take. Wurin yana kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta biyo Gat da Azbin ta nufi Kano, yana kuma kan wadda ta taso daga Barno ta yi yamma, ga shi ayarin gishirin Bilma yana sauka nan kowace shekara. Tun daga lokacin garin ya kasance gida biyu: Birni, mazaunin sarki da bayinsa da malamansa, da kuma Zango a arewa da shi, masaukin Buzaye da fatake da raƙumansu. Duk hoton da za a ɗauka daga baya, na ɗaya daga cikin waɗannan biyu ne, ko na filin da ke tsakaninsu.

Ɗansa Ibrahim ya gaje shi a 1822, kuma a ƙarshen zamaninsa ne aka sami shaida ta farko daga idon baƙo. Baturen Ingila James Richardson ya iso a watan Janairu 1851, ya zauna 'yan makonni, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da fada da zafin hukuncin sarki da kuma harin kama bayi, sa'an nan ya wuce gabas ajali ya cim masa a hanyar Kukawa, mazaunin Shehun Barno, cikin watan Maris na shekarar. Abokin tafiyarsa Bajamushe Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarimu, ya sauka garin a ƙarshen Disamba 1852 ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. A lokacin an riga an bayyana wa duniya na'urar ɗaukar hoto tun 1839 a birnin Faris, amma kaya ce mai nauyi, mai bukatar magunguna da ɗaki mai duhu, ba ta jure wa rairayi da girgizar raƙumi, don haka waɗannan matafiya alƙalami da takarda suka riƙa. Abin da suka bari siffantawa ce, kuma siffantawar baƙon da ya kwana arba'in ko ƙasa da haka.

Daga nan sai zamanin da Damagarawa suka fi alfahari da shi. Tanimun ɗan Sulaimanu ya taɓa hawa gadon a 1841, aka sauke shi bayan shekara biyu cikin jayayyarsa da ɗan'uwansa Ibrahim, jayayyar da Shehun Barno ke sa hannu a cikinta duk sa'ad da ya ga dama, sa'an nan ya dawo wajen 1851 ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884. Shi ne ya ɗaukaka ganuwar Birni ta zama abin kwatance, ana kuma danganta ginin fadar da ke tsaye yau da zamaninsa. Ya sayo bindigogi daga fataken arewa, ya sa maƙeran garinsa suka zuba igwa, aka riƙa haɗa albarushi a gida, ya kafa rundunar 'yan bindiga daga bayinsa, ya ɗora amanar mulki a kan bayin sarki da babanni waɗanda ba su da dangin da za su yi wa kwaɗayin sarauta. Da wannan ƙarfi ya shigar da Muniyo da ƙasashen Sosebaki ƙarƙashin ikonsa, gaisuwar da yake kai wa Kukawa ta koma kusan suna kawai. Fataken Gadamas da na Tarabulus suka zauna a Zango suna sayen gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa, kuma, gaskiya ba ta son a rufe ta, suna sayen 'yan Adam, domin babban rabo na dukiyar da ta gina ganuwa ta sayo bindiga daga harin ƙauyuka ya fito.

Akwai maganar da ake yi cewa da za a gina ganuwar an binne Alƙur'anai a cikinta, waɗansu ma sukan ƙara da cewa har da mutane da ransu, don kada a ci garin. Wannan zance ne na baka, irinsa kuma ana jin shi game da ganuwar garuruwa da yawa, babu wata shaidar zamanin da ta tabbatar da shi. Amfaninsa ga mai nazari shi ne yana nuna girman kwarjinin da ginin da mai ginin suka yi a zukatan talakawa. Tanimun ya rasu shekara 14 kafin Bafaranshe na farko mai kakin soja ya iso ƙofarsa, ba mu gaji kamanninsa ba sai ta bakin maroƙa da makaɗan fada. Kuma a ganina wannan rashi yana da hannu a yadda baƙi suka daɗe suna raina tarihin garin, domin mutanen zamani sun saba gaskata abin da suka gani fiye da abin da suka ji, ko da mai faɗin ya fi mai nunin adalci.

Bayan Sulaimanu ɗan A'isa, wanda ya yi mulki daga 1884 zuwa 1893, sai Amadu ɗan Tanimun, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya hau a shekarar da mayaƙin nan Rabe ya rushe Kukawa. Faɗuwar Barno ta kwance wa Damagaram igiyar da ta rage, amma ta kawo mata maƙwabci mafi haɗari a gabas. Amadu ya juya kudu ya yi ta kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, har rundunarsa ta kai Gezawa, tafiyar yini guda daga birnin Dabo. Yana cikin wannan hali, tsakanin Rabe da Kano, sai ga Kyaftin Cazemajou ya iso daga yamma a watan Afrilu 1898 da ƙaramar tawaga, da niyyar wucewa wurin Rabe. Sarki da mashawartansa suka ga cewa in Nasara mai bindiga ya haɗa kai da Rabe, to Damagaram ce abin yanka a tsakaninsu. Ranar 5 ga Mayu aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive. An ce a rijiya aka jefa gawarwakinsu. Tsoron da ya haifar da kisan yana da dalili, amma sakamakonsa ya zama hujjar da Faransa ke nema, ita da ta riga ta raba ƙasar da Ingila a kan takarda tun 1890, ta kuma sabunta rabon a watan Yuni 1898, ba tare da an shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba.

Rundunar da ta zo ɗaukar fansa ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar kufai da gawarwaki tun daga bakin Kwara, ta ƙone Lugu garin Sarauniya, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A tsakiyar Yuli 1899, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sa'an nan cikin kwana uku sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Ragowar hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tafiya, suka gamu da mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan. Dawakai da bindigogin ɗuri ba su tsaya wa bindigar zamani ba. Sarki ya fita daga gari, aka bi shi aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba, aka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Bassa. Ranar 2 ga Nuwamba wata tawagar ta iso daga arewa, ta Foureau da Lamy, bayan ta keto Sahara daga Aljeriya cikin yunwa da asarar raƙuma, ta huta a garin kusan wata biyu, attajirin Zango Malam Yaro yana cikin waɗanda suka taimake ta da guzuri da bashi, kafin ta wuce ta haɗu da sauran rundunonin Faransa a yaƙin Kusuri, inda Rabe da Lamy suka mutu rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900.

Tare da waɗannan rundunoni na'urar hoto ta shigo. Zuwa lokacin ta yi sauƙi, hafsa yana iya rataya ta ya hau doki. Foureau ya buga labarin tafiyarsa a 1902 da hotuna a ciki, kuma daga cikin hafsoshin da suka zauna garin bayan an mai da shi hedkwatar yankin soja na uku a 1900 akwai Henri Gaden, mutumin Bordo, wanda ya riƙe al'amuran Zindar har 1903, ya yi rubutu a kan ƙasar, ya kuma ɗauki hotuna waɗanda ke ajiye a garinsu har yau. A irin waɗannan hotuna na farko ne ake ganin ganuwar Tanimun tana tsaye da tsawonta, da ƙofofinta, da mahaya sanye da lifidi, da raƙuma durƙushe a Zango. Darajarsu ba ta misaltuwa, domin ganuwar nan yanzu sai guntaye, kuma abin da ke cikin hoton 1900 aikin hannun mutanen 1860 ne. Ta wannan fuska hoton mai nasara ya zama, ba da nufinsa ba, shaida ga girman wanda ya kayar.

Sai dai hoto shaida ne, kuma shari'a ba ta karɓar shaida sai an tsarkake mai ba da ita. Malaman hadisi ba su wadatu da matani ba sai sun binciki isnadi, haka ya kamata a yi wa kowane tsohon hoto: wa ya ɗauka, a wace shekara, yana tsaye a ina, wa ya yi nufin ya gani. Hafsan da ya hau kan dutse inda aka gina barikin da aka sa wa sunan Cazemajou, ya ɗauki Birni daga sama, ya ɗauke shi ne daga inda bakin igwa ke kallonsa. Sarkin da aka zaunar a ƙofar fada, fadawa kewaye da shi, Bature a gefe, an zaunar da shi ne domin a nuna wa mutanen Faransa cewa ƙasa ta kwanta. Rawani da alkyabba na gaske ne, amma zaman shiri ne. Ga kuma waɗanda ba sa fitowa sam. Malamai da yawa suna ƙyamar sura bisa abin da suka karanta a littattafan fiƙihu, matan kulle ba sa fita gaban baƙo, don haka matan da suka cika hotunan zamanin galibi masu ɗiban ruwa ne da masu talla da kuyangi, aka rubuta a ƙarƙashinsu sunan ƙabila maimakon sunan mutum. Mai neman gaskiya ya fi samunta a gefen hoton, wurin da mai ɗauka bai kula ba: irin saƙar zanen da ke jikin mai wucewa, fasalin tulu, tsagar fuska, yawan itatuwan da ke bayan gari, zanen da magina suka yi a goshin zaure.

Shekarar 1906 ta nuna iyakar abin da hoto ke iya faɗa. A farkonta ƙasashen Zabarmawa suna cikin tawaye, a watan Fabrairu kuma mutanen Satiru suka kashe Turawan Ingila kusa da Sakkwato, tsoro ya cika zukatan 'yan mulkin mallaka ta kowane ɓangaren iyaka. Ana cikin haka aka kai wa hafsoshin Zindar labari cewa Sarki Amadu ɗan Bassa da Malam Yaro da waɗansu manya suna ƙulla makircin hallaka Nasara. Aka kama su, aka tuɓe sarki, aka kai su Kwaddibuwa, aka soke sarautar kanta, aka danƙa riƙon gari ga Ballama, ɗaya daga cikin babannin fada. Masana sun saɓa a kan wannan al'amari har yau: waɗansu suna ganin shirin tawayen gaskiya ne, sun kuma kafa hujja da ɓacin ran masu sarauta kan raguwar ikonsu da dokar hana cinikin bayi ta Disamba 1905, waɗansu suna ganin ƙage ne na masu neman matsayi a fada, wanda ya dace da abin da Turawa ke so su ji. Babu hoton da zai raba wannan gardama, domin makirci da ƙage duka a ɗaki ake yin su da dare. Shekara goma sha bakwai gidan Tanimun yana waje, sai a 1923 aka mai da sarauta aka naɗa Barma Mustafa.

A 1911 aka mai da Zindar babban birnin yankin Nijar duka, bayan 'yan shekarun da Yamai ta riƙe matsayin, kuma daga nan zuwa 1926 ne aka fi ɗaukar garin a hoto. Zamanin katin gaisuwa ne, wanda ma'aikaci ko soja ke saye ya rubuta 'yan kalmomi a bayansa ya aika gida. Hotunan sun koma kan sabuwar unguwar da ta tsiro tsakanin Birni da Zango, da gidan gwamna, da ofisoshi, da bariki, da kasuwa, da hawan salla. Wanda ya dube su zai zaci garin yana kan ganiyarsa, alhali a daidai wannan lokaci jijiyar arzikinsa ke tsinkewa. A 1911 ɗin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, sai kayan da ke keta Sahara wata da watanni a bayan raƙumi suka koma bin teku da dogo cikin rahusa. Gidajen fataken arewa suka yi ta rufewa. Sa'an nan fari ya kawo yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta ci rayuka masu yawa daga nan har ƙasar Kano, a bayanta kuma yaƙin Kawusan a Azbin, 1916 zuwa 1917, da ramuwar da Faransa ta yi, suka karya Buzayen da ayari ke tafiya a kan raƙumansu. Ba a sayar da katin gaisuwa da hoton mayunwaci, saboda haka mafi girman musibar da ta sami talakan Damagaram a farkon ƙarnin ta fi zama a bakin tsofaffi, waɗanda suka riƙa ƙidaya shekarun haihuwa da aure daga gare ta.

A ƙarshen 1924 motocin kamfanin Citroën guda takwas, masu tafiya a kan sarƙa, suka ratso ta Tasawa da Zindar a kan hanyarsu ta keta Afirka, tare da mai ɗaukar sinima Léon Poirier da mai zane Iacovleff. Sun ɗauki sarakuna da dawakai da 'yan kallo, aka nuna fim ɗin a Turai a 1926. A wannan shekarar ce Gwamna Brévié ya ɗauke hedkwatar mulki ya mai da ita Yamai. Dalilin da aka fi ambata shi ne ƙarancin ruwa, kuma dalili ne na gaskiya, duk wanda ya ga yawan hotunan rijiyoyi da jerin tuluna zai fahimci haka. Amma akwai na biyu wanda bai gaza shi ba: Zindar ta fi kusa da Kano a harshe da ciniki da auratayya fiye da yadda Faransa ke so, Yamai kuwa tana bakin kogi, tana fuskantar sauran ƙasashen da Faransa ke mulki. Da gwamna ya tashi, masu ɗaukar hoto suka bi shi. Garin ya koma rayuwa a kan gyaɗa da fatu da fataucin kan iyaka, hotunansa suka yi ƙaranci a ma'ajiyar hukuma.

Abin da ya biyo baya, a wurina, shi ne babi mafi daɗi, ko da yake shi aka fi sakaci da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, da bukatar katin shaida da takardun tafiya ta yawaita, masu hoto baƙar fata suka buɗe shaguna a garuruwan Nijar, da yawansu Yarabawa ne da suka hauro daga kudu da sana'arsu. A karo na farko Badamagare ya shiga gaban na'ura da ƙafarsa, ya biya da kuɗinsa, ya zaɓi rigar da zai sa da wanda zai tsaya kusa da shi. Alhaji ya dawo daga Makka ya ɗauka, ɗalibi ya sauke Alƙur'ani ya ɗauka, amarya da ƙawayenta, tsohon soja da lambobinsa, ɗan kasuwa da sabon kekensa. Shekarun siyasa suka zo, garin ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka haramta jam'iyyar a 1959, aka sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya, ta kowane ɓangare, fuskokinsu suna cikin irin waɗannan ƙananan hotuna, a ƙasan adaka, tare da takardun gida da na gona. Waɗannan suna da abin da hotunan Turawa suka rasa, wato suna da nasaba, muddin akwai wanda ya rage a gidan da zai iya faɗin su.

Ɗan garin ne ya fara haɗa riwaya da takarda da idon mai gida. André Salifou, wanda aka haifa a Zindar a 1942, ya buga littafinsa kan daular Damagaram a ƙarni na 19 a shekarar 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun, jami'ar garin tana ɗauke da sunansa yanzu. Barikin kan dutse ya bar sunan Cazemajou ya ɗauki na Tanimun, a 2006 kuma Nijar ta sa unguwar Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Amma asalin hotunan farko har yanzu a Faransa suke, a ma'ajiyar Bordo da ta Aix da hannun masu tara katunan gaisuwa, abin da ke isowa gida kwafi ne da ke yawo a Facebook da WhatsApp, sau da yawa an yanke rubutun da ke ƙasansa, an liƙa masa shekarar da ba tasa ba, ko a ɗauko hoton wani sarki na zamanin Turawa a ce Tanimun ne. Gyaran wannan yana yiwuwa, kuma tarihin da aka jero a sama shi ne ma'auninsa. Hoton da aka ce na Sarkin Damagaram ne a kan gado tsakanin 1906 da 1923 yana bukatar bincike, domin a shekarun nan babu sarki sai mai riƙo. Wanda ya nuna ganuwa cikakkiya na farkon ƙarni ne. Wanda ya nuna gwamna zaune a garin bai wuce 1926 ba. Na shagunan hoto kuwa, ma'auninsu yana wurin tsofaffin matan Birni da Zango, waɗanda za su dubi ɗaurin kallabi ko ɗinkin riga su faɗi zamanin, su dubi fuska su faɗi gidan da ta fito da wanda ta aura, kuma aikin da ya rage shi ne a zauna da su da fensir, a rubuta abin da suka faɗa a bayan kowane hoto, tare da sunan wadda ta faɗa da ranar da ta faɗa.